Ɗana ya kumbura bayan ya ci botar gyaɗa: in raba gidana da ita ne?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 6 ya ci burodi da botar gyaɗa, ba a yi minti goma ba leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, sannan ya yi ta amai. Muka ba shi maganin ƙaiƙayi, daga baya abin ya lafa. Ina goyon jaririya 'yar wata 5 mai fama da bushewar fata da ƙaiƙayi. Ni kuma da maigidana, wanda ke da ciwon suga, kusan kullum da botar muke karya kumallo. Shin abinci ce mai lafiya kuwa, ko in fitar da ita daga gidana, in kuma hana jaririyar gyaɗa har ta girma?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Tambayarki mutum huɗu ta shafa, kuma amsar ba iri ɗaya ba ce. Ke da maigidanki, botar gyaɗa abinci ce mai kyau gare ku in kun san irin da za ku saya da yawan da za ku ci. Ɗanki kuwa, daga yau kada gyaɗa ta sake shiga bakinsa ta kowace siga har sai likita ya duba shi. Ita kuma jaririyar, hana ta gyaɗa har ta girma shi ne ainihin abin da ba na so ki yi. Zan fara da yaron, domin nasa ne ba ya jira.

Kumburin leɓe da ruɗu-ruɗu 'yan mintuna bayan cin abinci, wannan shi ne alajin abinci na gaske, abin da mutane da yawa ke kira borin jini. Garkuwar jikinsa, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta ɗauki furotin ɗin da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba. Kamar maigadi ne da ya riƙe fuskar baƙon kirki a matsayin ta ɓarawo, duk ranar da baƙon ya sake leƙowa sai ya tada unguwa da ihu. A wani lokaci can baya jikin yaron ya taɓa haɗuwa da gyaɗa, ya ƙera wasu sinadaran kariya da ake kira IgE, suka je suka zauna a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanci da huhu da hanji. Da gyaɗar ta sake shigowa, sai waɗannan ƙwayoyin suka saki wani sinadari mai suna histamin da makamantansa a lokaci guda. Ƙananan jijiyoyin jini suka buɗe, ruwa ya tsiyaya cikin fata, shi ne kumburin da kika gani. Hanji ya murɗa, shi ne aman. Yawanci abin yana faruwa ne cikin mintuna, da wuya ya wuce awa 2. Wannan ya bambanta da wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa saboda hanjinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta. Wancan yana wahalarwa, amma ba garkuwar jiki ce ta tashi ba, kuma ba ya toshe numfashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinki shi ne aman. In alamun sun tsaya a fata kawai, muna ɗaukar abin da sauƙi. Amma idan fata ta tashi, sannan wani sashen jiki ya shiga, ko numfashi, ko ciki da amai ba ƙaƙƙautawa, ko faɗuwar jini, to an shiga abin da muke kira anafilaksis, wanda kan iya kisa. Lafawar da ya yi bayan maganin ƙaiƙayi kada ta ruɗe ki. Magunguna irin su Piriton suna rage ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu ne kawai, ba sa buɗe maƙogwaron da ya kumbura, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi, kuma kafin su fara aiki ma an ɗauki lokaci. Haka nan sauƙin da aka samu a wannan karon ba ya nuna yadda na gaba zai kasance. Yawan abin da ya ci, ko yana da mura ranar, ko ya yi guje-guje bayan cin, duk suna iya canza tsananin abin. Idan kuma yana da asma, musamman wadda ba a kula da ita sosai, haɗarin ya fi yawa.

Ki riƙe waɗannan alamun da kyau, ki kuma koya wa duk wanda ke kula da shi: murya ta dishe farat ɗaya, tari ba tsayawa, numfashi yana ƙara kamar ana fito, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, yawu ya ƙi haɗiyuwa, jiri, yaro ya langaɓe ko ya suma. Maganin wannan hali ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya, kuma da wuri. Akwai wadda aka shirya kamar biro domin iyaye su yi da kansu. Za ki zare murfin, ki damƙe ta a tafin hannu, ki danna bakinta da ƙarfi a gefen cinyarsa na waje, ko ta saman wando ne, har ki ji ƙaras, ki riƙe na 'yan daƙiƙu kamar yadda aka rubuta a jikinta. Yaro mai nauyin kilo 15 zuwa 30 akan ba shi mai miligiram 0.15, wanda ya haura haka mai 0.3. Sai a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka da ƙafarsa zuwa mota, domin miƙewa tsaye a wannan hali kan sa jini ya kasa komawa zuciya. In minti 5 ya wuce bai farfaɗo ba, a yi ta biyu, shi ya sa muke so a riƙa yawo da guda biyu. Ko ya warware sarai, asibiti dole ne, saboda a wasu mutanen abin yakan dawo bayan sa'o'i. Na sha ganin iyaye suna riƙe da allurar a hannu suna tsoron yi. Illarta ga yaro ba ta wuce bugun zuciya da rawar jiki na ɗan lokaci ba, yawancin waɗanda aka rasa kuwa jinkirin allurar ne ya cuce su. Inda ba a samun irin ta biron, ki san asibiti mafi kusa da ke, kuma da kun shiga ki faɗa musu kai tsaye cewa yaro ne mai alajin gyaɗa, yana buƙatar adirenalin.

Gwajin da za a yi masa don tabbatar da alajin ba wani abin tsoro ba ne. Likita zai ɗiga ɗan ruwan da aka tato daga gyaɗa a fatar hannunsa, ya ɗan soki wurin sama-sama da tsinin ƙarfe, ko jini ba ya fitowa. Bayan minti 15 sai a duba. In wurin ya tashi kamar cizon sauro, a auna faɗinsa da rula a kwatanta da wurin da aka ɗiga ruwan gishiri. Za a ce ku dakatar da maganin ƙaiƙayi na wasu kwanaki kafin ranar, domin yana danne sakamakon. Akwai kuma gwajin jini na IgE, har da na wani furotin na gyaɗa mai suna Ara h 2, wanda ya fi nuna alaji na haƙiƙa. Sai dai ki kiyayi abu guda: kada ki yarda a gwada shi da abinci iri ashirin ko talatin don kawai a gani. Gwajin yakan nuna alama a yara da yawa waɗanda ke cin abincin lafiya lau, sai a wayi gari an hana yaro ƙwai da madara da alkama a banza, ya rame, wani lokaci ma hanin ya jawo masa alajin da ba shi da shi tun farko. Gwajin IgG da wasu ke tallatawa da sunan gano abincin da jiki ba ya so, asarar kuɗi ce. In sakamako ya yi ruɗani, akan ba yaro gyaɗar kaɗan-kaɗan a asibiti, allura na ajiye a gefe. Wannan ba aikin gida ba ne, ko da wasa.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce alajin gyaɗa ba ya saurin barin mutum. Yawancin yara masu alajin madara ko ƙwai suna rabuwa da shi in sun tasa, na gyaɗa kuwa kusan 1 cikin 5 ne kawai ke rabuwa da shi. Akwai hanyar sabawa jiki da ita sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na irin wannan a 2020, sannan a 2024 ta amince da wata allura mai suna Xolair. Dukansu rage haɗarin cin kuskure suke yi, ba warkarwa ba.

Ita gyaɗa dangin wake ce, a ƙasa take 'ya'ya, ba 'yar itace ba ce kamar kashu ko almon. Duk da haka, mafi yawan masu alajinta suna cin wake ba matsala, yayin da kusan kashi ɗaya cikin uku ke samun matsala da wasu 'ya'yan itatuwan nan. Abin da ya saba ci lafiya, ki bar shi ya ci gaba da ci. Wanda bai taɓa ci ba a cikinsu, a jira likita. A cikin gida, haɗarin ba a ƙamshi yake ba, ƙamshin bota kaɗai ba ya ɗauke da furotin da zai tada alaji. Haɗarin yana jikin wuƙar da aka shafa bota sannan aka yanka masa burodi, da cokali, da gefen faranti, da hannun da ba a wanke ba. Sabulu da ruwa suna cire shi, man tsaftace hannu mai barasa ba ya cirewa. Dafuwa da suya ma ba sa kashe shi. Ki saba da karanta jikin leda da kwalba, musamman biskit da cakulan da alawa da kek. A Amurka abinci 9 ne doka ta wajabta a bayyana, riɗi ya shiga cikinsu a 2023, a Tarayyar Turai kuma 14 ne, gyaɗa na cikin duka biyun. Man gyaɗa da aka tace sosai a masana'anta yawanci ba ya ɗauke da furotin ɗin, amma wanda aka matse aka bar shi haka yana ɗauke da shi, don haka shi ma a kiyaye. Malaman makarantarsa su sani, shi kansa kuma ya iya cewa ba na cin gyaɗa, ya kuma daina karɓar abincin abokai.

Yanzu jaririyar. Tunanin da ya zo miki, a hana ta har ta girma, shi ne tunanin da likitoci da kansu suka yi shekaru da dama. A 1998 hukumomin lafiya a Birtaniya suka shawarci iyalai masu tarihin alaji su nisanta ƙananan yara da gyaɗa, a 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a jira sai shekara 3. Aka bi shawarar, alajin kuma ya ci gaba da ƙaruwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani likita a Landan, Farfesa Gideon Lack, ya lura cewa a Isra'ila jarirai suna cin wani abin taɓawa na gyaɗa mai suna Bamba tun suna 'yan watanni. Shi da abokan aikinsa suka kwatanta yaran Yahudawa na Birtaniya da na Isra'ila, suka wallafa a 2008 cewa alajin gyaɗa ya ninka kusan sau 10 a yaran Birtaniya, waɗanda ba a ba su ita da wuri. Daga nan suka shirya binciken da ake kira LEAP. Suka ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, dukansu masu tsananin ezima (ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi) ko alajin ƙwai, wato waɗanda suka fi kowa haɗari. Rabi aka riƙa ba su gyaɗa aƙalla sau 3 a mako, rabi aka hana su, har suka kai shekara 5. Sakamakon ya fito a 2015: cikin waɗanda aka hana, kusan kashi 17 cikin 100 sun kamu da alajin, cikin waɗanda aka ba kuwa kusan kashi 3 ne. Da aka sake duba yaran bayan sun haura shekara 12, kariyar tana nan. A 2017 Amurka ta juya shawararta gaba ɗaya.

Dalilin ya shafi 'yarki kai tsaye. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, idan garkuwar jariri ta fara haɗuwa da abinci ta baki da hanji, takan koyi cewa abinci ne. Idan kuwa ta fara haɗuwa da shi ta fatar da ta tsattsage tana kumburi, sai ta ɗauke shi maƙiyi. To ki dubi gidanki: ana cin bota kullum, ɓurɓushinta na hannuwa da tebur da shimfiɗa, ga jaririya mai ɓarkakkiyar fata, ga kuma niyyar kada ta ɗanɗana ta baki. Wannan haɗin shi ne mafi muni. Don haka ku riƙa wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa ta ko ku shafa mata mai, kada a shafa mata man da ke da gyaɗa a ciki, a kuma yi maganin fatar sosai har ta kwanta.

Ki tafi da ita ranar da za ki kai wanta, a wannan watan, kada a ja lokaci. In fatar tata ta yi tsanani, ko ta taɓa samun matsala da ƙwai, a gwada ta tukuna, in da hali ma a yi cin farko a gaban likita. In mai sauƙi ce, akan fara a gida wajen wata 6, lokacin da aka fara haɗa mata abinci da nono, kuma ba a farawa kafin wata 4. Yadda ake yi: ƙaramin cokali 2 na bota mai laushi marar gutsattsari, a dama da ƙaramin cokali 2 ko 3 na ruwan zafi har ta tsinke, a bari ta huce. Da safe, ranar da take lafiya, a ɗiba kaɗan a bakin cokali a ba ta, a jira minti 10 ana kallon fuskarta da numfashinta. In ba komai a ba ta sauran a hankali, a ci gaba da lura da ita na awa 2. Bayan nan sai a ɗore, kamar sau 3 a mako, domin a ba ta sau ɗaya a bari na watanni ba ya kare ta. Kada a taɓa ba jariri bota mai kauri a cokali, tana liƙewa a maƙogwaro, ƙwayar gyaɗa kuma ba a ba yaro ƙasa da shekara 5 saboda shaƙewa. Ke mai shayarwa ba sai kin daina ci ba. Tunda wanta na da alaji, a ware mata cokalinta da kwanonta, a wanke mata baki da hannu in ta gama.

Ku manya kuma. Babban cokali 2 na botar gyaɗa, wajen giram 32, yana da kalori kusan 190, furotin giram 7 zuwa 8, mai giram 16, da fiba giram 2. Mafi yawan man nan irin mai kyau ne ga zuciya, dangin wanda ke cikin man zaitun, wanda ke taimakawa wajen rage mugun kwalastarol idan ya maye gurbin kitsen dabba. Akwai bitamin E da B3 da maganiziyam. Ƙarfinta wajen gina jiki ya kai ga cewa abincin da ake ceto yara masu tamowa da shi a duniya, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, tushensa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Ga maigidanki, bota zalla ba ta ɗaga suga da sauri, sitacin cikinta kaɗan ne, man da furotin kuma suna rage saurin narkewar abin da aka ci tare da ita. Wani babban bincike a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya gano cewa masu cin ta sau 5 ko fiye a mako sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga da kusan kashi 21 cikin 100. Bibiyar mutane aka yi kawai, don haka bai tabbatar da cewa botar ce sanadi ba, amma ya yi daidai da sauran abin da aka sani game da gyaɗa. A karin kumallon naku, farin burodin da sukarin shayi sun fi botar zama abin dubawa.

Matsalarta biyu ce, yawa da gauraye. Giram 100 ya kusa kalori 600, kuma mai shafawa da wuƙa ba ya aunawa, cokali 2 kan zama 4 bai sani ba. Ku auna da cokali. Wajen saye, ki juya kwalbar ki karanta: wadda ta fi ita ce wadda aka rubuta gyaɗa kawai, ko gyaɗa da ɗan gishiri. Man da ke tasowa a samanta ba lalacewa ba ce, juyawa ake yi. Wadda aka cika da sukari ko cakulan ta koma alawa. Wadda aka rubuta an rage mata mai ma ba na ba da shawararta, domin galibi sukari da sitaci ake zubawa a madadin man, kalori kusan ɗaya, an cire mai amfanin an bar marar amfani.

Akwai haɗari ɗaya da ya shafi kowa a gidan, mai alaji da marar shi, wato gubar afilatoksin. Wata fumfuna ce ke fitar da ita a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi a wuri mai zafi. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon abincin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa sosai ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma da zarar an niƙa gyaɗa ba mai iya gane lalatacciya da ido. Shi ya sa, musamman wadda za a ba jaririya, ki sayi ta kamfanin da hukumar kula da abinci ta yi wa rajista, ki duba ranar lalacewarta. In a gida za ki niƙa, ki baza gyaɗar a faranti ki tsince duk ƙwayar da ta motse, ko ta canza launi, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ki zubar, kada a ba ko dabbobi. Wadda ke warin fumfuna ko ɗaci a baki, a zubar da ita duka. Ki niƙa daidai wadda za ta ƙare cikin 'yan makonni, ki rufe ta ruf a wuri mai sanyi, a kan kantar da hannun ɗanki ba ya kaiwa.